Ɗari Biyun Dungas

Taubashina, dillalin riɗi a Gagarawa, ya yi imani cewa duk inda ake jin Hausa gidan ubansa ne. Da wannan aƙida muka tsallaka iyakar Maigatari a kan babur ɗinsa zuwa Dungas ta Nijar. Muka ci tsire, mai nama ya ce ɗari biyu.

Taubashi ya ajiye sefa ɗari biyu, har yana yaba arahar Nijar. Ashe su da dala suke lissafi, kowace dala sefa biyar, ɗari biyunsu dubu ke nan.

"Malam, cika mini," in ji mai nama.

"Ni za ka cuta? Ni da nake cinikin buhuna?"

Ya ci kwalar mutumin. Jandarma ya iso, ya karɓe katin shaidarsa da makullin babur, ya bayyana masa cewa cin tsire ba biya sata ne, cin kwala kuma gidan kaso. Taubashi ya ce a kira hakiminmu. Jandarma ya tambaye shi cikin ladabi ko sarautar hakimin ta kai Dungas.

Na cika kuɗin, na ba da haƙuri, aka sake shi. Har muka iso gida yana jaddada mini cewa Hausarsu ce ta lalace.