Gwiwar Hannun Mama

Mahaifiyata tela ce, amma a cocinmu ba wanda ke kiranta da ɗinki. Mai Hannu ake ce mata, domin ita ke tsayawa gefen bagadi tana fassara wa kurame wa'azi da maganar hannu. Ba a makaranta ta koya ba. Ƙaninta, Kawuna, kurma aka haife shi, tun suna yara ita ce kunnensa, ita ce bakinsa. Da suka girma ta ja shi coci, shi kuma ya jawo abokansa, har suka cika benci biyu. Ni tun ina goye take wannan aiki, ga shi yanzu ni ma da goyona.

Mama ba ta da sanyi. In fasto ya yi tsawa, fuskarta ma sai ta yi tsawa. In ya ja wa'azi ya ƙi saukowa, sai ta faki ido ta ce wa kuramen, “Ku yi haƙuri, yau ma ya manta hanyar gida.” Sai ka ga benci biyu na girgiza, sauran jama'a ba su san dalili ba.

Bara Kawu, wanda kafinta ne, ya faɗo daga kan rufi, ƙugunsa ya karye. Zuwa coci ya gagara, gidansa kuma can ƙarshen gari, sai an hau mota biyu. A daidai lokacin ne coci ya fara yanka wa'azi guntu-guntu, ana turawa a waya kowace safiya. Fasto da bakinsa ya ce don marasa lafiya na gida ake yi. Mama har rangaɗa guɗa ta yi. Ta saya wa Kawu waya mai babbar fuska, ta kafa masa ita jikin matashin kai.

Bidiyon farko ya iso, sai ga fasto ya cika waya daga sama har ƙasa, baki na motsi. Mama fa? Gwiwar hannunta kawai ke leƙowa daga gefe tana komawa. A tsaye ake riƙe wayar ɗauka, mutum ɗaya take ci.

Na raka ta wurin shugaban matasa, mai ɗaukar. Ya ce, “Mama, in na kwantar da waya fasto zai ƙanƙance, mutane wucewa za su yi ba su kalla ba. Amma za mu sa rubutu a ƙasa.”

Ta ce, “Ɗana, ƙanina bai iya karatu ba.”

Ya ce za a duba. Kai, wannan “za a duba” ta ƙona mini rai! Mama ta fara matsawa kusa da fasto ko za ta shiga hoton, dattawa suka aiko a ce mata tana tare bagadi. Ta roƙi a ɗauke ta daban da wata wayar, aka ce sai kwamiti ya zauna. Kwamitin da ya zauna rana ɗaya ya sayi fitilar haska fuskar fasto! Ni na gwada ɗaukarta daga benci da tawa wayar, mai tsaron ƙofa ya ce an hana kowa ɗauka sai ’yan aikin. Haka Kawu ya yi wata da watanni yana kallon bakin da ba ya ji. Mama kan je ran Lahadi da yamma ta maimaita masa abin da ta riƙe, kullum tambayarsa ɗaya: ko an kori kurame daga coci ne?

Rannan fasto ya zo duba shi, da shugaban matasa riƙe da waya. Kawu ya ga wayar, ya ɗaga hannu ya yi magana da zafi. Mama ta fassara ba ta rage komai ba: “Ya ce me ya sa kuka yanke yayarsa?” Fasto ya yi murmushi ya ce, “Mu yi addu'a.” Nan take Kawu ya rintse ido gam. Kurma in ya rufe maka ido, ya toshe kunne ke nan, ya gama da kai.

Washegari suka saki bidiyon. Sun cire tambayar, sun bar fuskar Kawu ido a rufe, da kiɗa mai taushi, wai a ga bangaskiyar bawan Allah. Jama'a sai zuba “Amin” suke. Wallahi don haushi na kira shugaban matasa na wanke shi tas, ya ce ai bidiyon ya fi kowanne tafiya.

Mama ba ta fasa tsayuwa gefen bagadi ba, don sauran kuramen na nan. Ba ta fasa hawa mota biyu ba. Kawu na hira da ita kan ’ya’yansa, kan ciwonsa, har dariya suna yi. Amma da zarar ta ɗaga hannu za ta fara wa'azin ranar, sai ya rufe ido. Makon jiya na same ta a kan keken ɗinki ba ta taka shi, ta ce mini, “Ni na kai shi coci da hannuna. Yanzu ko sunan Yesu ba ya bari in gama yi masa.”