Azarar da Ta Sha Hayaƙi

Tun da na gama makaranta a Sakkwato aka turo ni Illela, cikin wannan shekara ta bayan yunwa, ba na iya kallon mutum ban tambayi kaina wa ya rasa ba.

Yau wani dattijo nake kallo a bakin kasuwa, inda fataken Ƙonni ke sayen azara su ƙetare iyaka da ita, don Faransawa na gina bariki. Dogo ne siriri, rawaninsa ya koɗe, jakinsa na gyangyaɗi a gefe. Azarar kowa sabuwa ce, tana ƙamshin giginya. Tasa kuwa baƙa ce wuluk, ta sha hayaƙin shekaru. Daga gani rufin ɗakinsa ya yaye. Sai nake ji kamar ina ganin matar da ta hura wutar, da 'ya'yan da suka girma suna kwance suna kallon itacen nan.

Wani falke ya ƙwanƙwasa ɗaya da sandarsa.

"Baba, wagga ai ta girme ni."

"Ta girme ka, ɗana, amma gara ba ta taɓa ta ba."

"To, in damina ta faɗi fa, mi za ka yi?"

"Ba sauran mai jiƙewa sai ni."

Ciniki ya faɗa. Dattijon na tsugune yanzu, yana kwance wata tsohuwar igiyar ragaya, irin wadda mata ke rataye ƙore a ɗaka, daga jikin azara ɗaya, a hankali, don kada ta tsinke. Sai da ya sa ta aljihu sannan ya ce a laɓta wa raƙumin falken.