Inna Kuza Mai Awo da Ƙoƙo

A kasuwar Bakura Taiba ta fara jin sunan, daga bakin wani mahauci mai tsokana: "Inna Kuza, yau ma ba ki sayi gwangwani ba?"

Tsohuwar tana zaune a bakin rumfa, zanenta ya koɗe, ido ɗaya ya yi fari. Garin kuka take sayarwa. Kowa da gwangwani yake awo, ita da ƙoƙo, don an gaya mata da kuza ake yin gwangwani.

"Ƙarfen da ya ci ubana ba ya shiga hannuna," in ji ta.

Shekarar da aka haife ta Turawa suka kwashi maza aikin tilas, haƙar kuza a Jos. Ubanta bai dawo ba. Taiba ta san wanda ya zaɓi mazan: kakan babanta ita Taiba, dagacin ƙauyensu a lokacin. Ita ce ma ke shanya alkyabbar da Bature ya ba shi, wadda ake nuna wa baƙi.

Taiba ta faɗa wa Inna Kuza sunan gidansu tana kallon ƙasa. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗiyata, ki tambayar min tsofaffin gidanku. Ko akwai wanda ya ji an yi wa ubana sallah kafin a rufe shi?"