Rijiyar Fadama

Mu a bakinmu, fadama ita ce ƙasar da ke kwance gefen ruwa, wadda ko rani ya yi tsanani ba ta bushewa har ciki. Da damina ta ruwa ce, da rani ta mutane. In ka ji an ce wane ya tafi fadama, lambu ake nufi, sai magariba a gan shi. Amma ƙasa ce mai taushin ciki, samanta laka, ƙarƙashinta yashi.

Maigidana, Allah ya jiƙanshi, yana da lambun albasa bayan Ƙofar Durbi. Wata shekara, albasa ta fara ƙwai, rijiyar da yake ban ruwa da ita ta ƙafe. Al'adar 'yan fadama, ba a shiga ƙara zurfin rijiya sai da mutum a sama, yana janye yashin nesa da bakinta. Shi ko ya ce ƙanenshi ya yi nawa, albasa ba ta jira. Ya shiga shi kaɗai, yana watso yashi yana taruwa a baki.

Da hantsi na kai mishi fura. Ga rigarshi rataye, ga tarin yashi, babu mutum. Na leƙa. Gefe guda ya rufta, ya binne shi har ƙirji, yana numfashi sama-sama.

Ya ɗago ido ya ce, "Ja da baya. Ƙafarki na zubo min ƙasa."

Na ja, na ƙwala kira. Maƙwabtan lambu suka taho a guje, ni da ban taɓa ɗaga wa maza murya ba na tare su da hannu biyu, don duk takun da aka yi kusa sai yashi ya sulale. Wani ya ce a jefa igiya a ja shi. Ƙanen, wanda isowarshi ke nan, ya ce in aka ja, ƙugu zai rabu da jiki. Ya sa aka cire ƙyauren wata bukka aka gitta a bakin rijiyar, ya kwanta rub da ciki, aka riƙe ƙafafunshi, ya zura kai.

Shebur ba ta shiga, wurin ya matse. Na kifar da furar, na miƙa ƙwaryar. Da ita ya riƙa kwasa, a miƙo, a zubar can nesa. A kwashe ƙwarya guda, rabi ya komo.

"Yaya, yi ta magana in ji ka."

"Mi zan ce maka? Da ka zo da wuri."

"To ci gaba da faɗan, ya fi shirun."

Can faɗan ya tsaya. Na ji bakina na salati ba da sanina ba. Rana ta take tsaka, ba mai tari, sai karcen ƙwarya. Sai da gwiwa ta bayyana aka ɗaura mishi rawani a hammata, aka zaro shi a hankali, ƙafar dama na reto.

A cikin keken da ya ɗauke mu zuwa asibiti ya buɗe ido. Ya ce tafin ƙafarshi ya ji sanyi a ƙasa, ruwa na nan kusa, kamu guda ya rage. Ya ce in gaya wa ƙanen kada kowa ya taɓa mishi rijiya.

 Ni kuwa tun kafin mu taso na roƙi mutanen, don Allah don Annabi, su cike ta. Ina waiwaye na hango sun fara.