Fikri da Tsawar Farkon Fim

Duk unguwar Shubra babu wanda ya kai ɗan baffanmu Fikri tara faifan fim, babu kuma wanda ya kai shi jahiltar abin da ke ciki. Tambaye shi wa ya mutu a ƙarshe, sai ya ce maka bai kai wajen ba. Shi dai ɗan tambarin nan da kamfanonin sauti ke sakawa kafin fim ya fara, shi ne abincinsa. Allo ya yi baƙi ƙirin, haruffan ƙarfe su taso suna juyi, rugugi ya faro can ƙasa yana kumbura har ka ji hanjinka ya sauya mazauni. Yana ƙarewa, Fikri ya mayar baya.

Gyaran rediyo yake yi, a wani shago da in ya yi atishawa sai ya bugi bango biyu. Muka yi ta ce masa taɓaɓɓe, alhali yana da dalili. Ubansa, Baffa Sabri, ƙarar injin masaƙa ta cinye masa kunne, har magana ya daina. Kullum yana kan bencin katako a falo, yana kallon bakin mutane. Fikri ya rantse sai tsohon ya ji wannan rugugi, ko da bene zai rushe.

Ya fara da lasifika biyu. Baffa ko gezau. Ya ƙara ɗaya bisa kabad, ɗaya bayan firji, ɗaya a taga. Tattabarun maƙwabcinmu suka tashi, an ce sai a Libiya aka gan su. Baffa kuwa yana kurɓar shayinsa kamar ana iska.

"Kai Fikri," in ji uwarsa, Inna Nawal, "kofunana sun ƙare, duk sun yi shahada. Ka bar bawan Allah ya huta."

"Inna, saura kaɗan."

"Haka ka ce da azumi. Sa'anninka na neman mata, kai kana neman wayar lasifika."

Bai daddara ba. Ya yi wata guda yana ƙera wani akwatin sauti mai girman ɗan maraƙi, muka kama masa har hawa na huɗu muna tsine masa. Inna Nawal ta tare ƙofa.

"Wannan gawar ba za ta zauna mini a tsakar falo ba. Ko ka tura ta ƙarƙashin bencin ubanka, ko ku koma tare."

Fikri ya cusa akwatin da ƙyar, har yana gogar katakon. Ya kunna faifan. Haruffa suka taso, rugugi ya faro.

Shayin da ke hannun Baffa ya fara rawa. Tsohon ya ajiye kofi, ya shimfiɗa tafinsa a kan benci, ya dubi allo, ya dubi ɗansa. Sautin da kunne ya ƙi karɓa, ƙashi ya karɓa.

"Kai, ɗan banza!" ya daka tsawa da muryar da ta yi tsatsa. "Rage mana! So kake ka kurmantar da mutane?"

Inna Nawal ta zauna daɓas a ƙasa, tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Fikri ya miƙa hannu zai rage, Baffa ya cafke masa wuyan hannu.

"Wa ya aike ka? Maido shi farko."