Shekarar da Gudu Ya Gagare Ni

Tun ina ƙarama ban iya tafiya a hankali ba. A Giwa Tazo aka haife ni, cikin ƙasar Maiyama, kuma aikina na damina shi ne kai wa Baba abinci gona. Inna za ta ɗaure kwanon tuwo da tsumma, ta ɗora mini a ka, ta ja mini kunne kada in yi gudu miya ta zube. Da na wuce bayan gari, inda idonta ba ya kaiwa, sai in dafe kwanon da hannu ɗaya in sheƙa tsakanin kunyoyin gero. Miya kuwa takan zube. Baba bai taɓa kai ƙarata ba. Yakan buɗe kwanon ya ga abin da ya rage, ya dube ni ina haki, ya ce, "To, ai har yanzu da zahinai," ya wanke hannu.

Gudun nan ya bi ni makarantar kwana, ya bi ni kwalejin horon malamai, har ya zame mini hanyar cin abinci. Na zama malamar motsa jiki a wata makarantar 'yan mata a Jega. Maigidana mutumin Aliero ne, manomin albasa kuma mai fataucinta, ya kuma san halina tun kafin ya kai kuɗin aure. Abin da ya roƙa kawai shi ne in yi abina a cikin katangar makaranta. Ni ma ban taɓa sha'awar titi ba, ga 'yan kabu-kabu ga manyan motoci.

Filin yana bayan azuzuwa. Ta gabas akwai jerin itatuwan dogon yaro guda bakwai, ta yamma akwai tankin ruwa a bisa ƙarafa. Nakan iso da sassafe, rana ba ta gama fitowa ba, in sa kambas da ƙaramin hijabi. A lokacin ɗalibai suna shara, kana jin ƙarar tsintsiya ta ko'ina, in kuma ranar kasuwa ce har kukan shanun da ake korawa kara yakan tsallako katanga. Zagaye goma nake yi, wani lokaci sha biyu, kafin a buga ƙararrawa.

Ba ni kaɗai ba ce a filin. Akwai malamar lissafi, Kirista ce daga can duwatsun Filato, ta girme ni da kusan shekara goma, tana zaune a gidajen malamai. Kowa Madam yake ce mata, har shugabar makaranta. Likita ne ya sa ta motsa jiki saboda hawan jini, don haka gudunta bai fi saurin tafiyar mai zuwa ɗebo wuta ba. Kafin ta yi shida na yi goma. Duk sanda na zo wuce ta sai ta ɗaga hannu ta ce, "A sauka lafiya, direba." Shekara huɗu muna haka.

A haihuwata ta uku na zubar da jini sosai. Na je wankan gida wajen Inna, na yi arba'in, na dawo Jega, hutuna ya ƙare na koma aiki. Ranar da na sake sa kambas ina ta zumuɗi kamar yarinya ranar sallah. Ban kai rabin fili ba na ji ƙafafuna sun yi nauyi, kamar ina tafiya cikin laka. Zuciyata tana bugawa har cikin kunnuwana. Na tsaya na dafa gwiwa. Madam ta zo ta wuce ni, karo na farko a rayuwarta, ta waiwayo ta dube ni.

Na ce wa kaina jego ne, zai wuce. Mako ya bi mako bai wuce ba. In na ɗago daga sujada sai ɗaki ya juya mini. Goyon jaririya daga bakin titi zuwa gida ya zama aiki. Sai kuma wani kwaɗayi da ban san shi ba: ƙanƙara. In na sayi ruwan leda mai sanyi, ba ruwan nake so ba, daskararren nake gurgura har haƙorana su mutu. Daga nan na koma farar ƙasa, ina saye a ɓoye ina zubawa cikin jaka.

A ofishin malamai asirina ya tonu. Na buɗe jaka zan ɗauko usur, ƙullin farar ƙasar ya faɗo gaban Madam. Ta ɗauka ta duba, ta jawo kujera kusa da ni.

"Malama, dubi sama," in ji ta. Ta sa yatsa ta ja fatar idona ƙasa. "Fari kamar alli. Tun yaushe kike cin wannan abu?"

"Ɗan kwaɗayi ne kawai, Madam."

"Ƙanwata ma haka ta ce, sai da aka ɗauke ta ranga-ranga. Gobe ba ni da aji da safe. Za mu asibiti."

Aka ɗebi jinina aka auna. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce ƙarancin jini ne, sinadarin ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi ya yi ƙasa ƙwarai, cikin da haihuwar da shayarwar duk sun kwashe shi. Ta rubuta mini ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce in riƙa sha da lemo, kada in haɗa da shayi ko madara, in dage da hanta da wake da ganye.

Na ce, "Gudu fa, likita?"

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Gudu zuwa ina?"

Madam ce ta yi mata bayani. Likitar ta yi ɗan murmushi ta ce, "Tafiya dai tukuna. Abin nan watanni yake ɗauka."

Ƙwayoyin nan ba su da daɗi. Suna bar mini ɗanɗanon tsatsa a baki, suna tayar mini da zuciya, suna ɗaure mini ciki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shayin safe, don ni da maigidana mun saba mu sha tare kafin ya kama hanyar Aliero. Sai kawai na ga ya daina sa a dafa. Daga baya na gane a teburin mai shayi na bakin tasha yake tsayawa ya sha nasa, don kada ƙamshin ya dame ni. Ranar kasuwa kuma ba ya dawowa sai da hanta a ƙunshe da lemo a leda, duk suna warin albasa saboda a mota ɗaya suka zo.

Ban ji maganar likita ba. Da na yi mako biyu ina shan magani na ga jirin ya ragu, sai na ce ai shi ke nan. Na fita da ƙarfina na dā. Zagaye na farko na gama shi da taurin kai. A na biyu, daidai gindin tanki, idona ya yi duhu, sai ji na yi gwiwoyina sun daki ƙasa. 'Yan aji biyu ne a wurin suna layin ɗiban ruwa, yaran da nake hura wa usur ina ce musu ragwaye. Suka watsar da bokitai suka yo kaina, wata tana yi mini fifita da ɗankwali, wata tana salati. Ciwon gwiwar bai kai kunyar ba.

Washegari na so in ƙi fita. Madam ta aiko a ce mini tana jirana a fili. Da na je ta nuna mini itatuwan nan bakwai.

"Daga na farko zuwa na uku za mu yi gudu, irin nawa ba irin naki ba. Sauran filin tafiya. In kin ƙara itace ɗaya ba da izinina ba, zan gaya wa mijinki."

"Madam, ni nake koyar da wannan abu."

"Ni kuma nake koyar da ƙirga. Uku na ce."

Haka muka yi ta yi. Itace uku, sai tafiya. Bayan kwana goma ta ƙara mini ɗaya. Akwai ranakun da ukun ma sukan gagara, musamman in jaririya ta hana ni barci, sai mu yi tafiya kawai. Ina lura da yadda take rage saurinta saboda ni, ita da a dā nake wucewa kamar tana tsaye, kuma wannan ya fi hakin zafi. Wata safiya na zauna a gindin itace na huɗu na fashe da kuka. Na ce mata ban iya girki na a zo a gani ba, ban iya ɗinki ba, abu ɗaya na iya a duniya, shi ma ga shi ya tafi. Ba ta rarrashe ni ba. Ta zauna kusa da ni, ta cire takalmi tana kakkaɓe yashi, har na gaji don kaina. Sannan ta ce, "Tashi, saura tafiya rabin fili." Da rana ta aiko mini da ruwan ganyen ugu, kabewar nan ta 'yan kudu, a gora, kore shar, mai ƙarnin ɗanyen ganye. Na toshe hanci na shanye.

Da aka yi dogon hutu na damina na kwashi yara muka tafi Giwa Tazo. Baba ya riga ya rasu a lokacin, yayana ke noma gonar. Inna ta dafa mini karan dafi, ruwan ya yi ja wur, ta ce shi ne maganin jini tun kaka da kakanni. Kullum akwai kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, akwai miyar sure, wato yakuwa. Ina sha ina ci, ina kuma haɗiyar ƙwayoyina. Ita ba ta taɓa son gudun nan nawa ba, na kuma zaci za ta ce ga irinta nan. Wata la'asar tana tsinkar zogale ina ba ta labarin jirin da ƙanƙarar da farar ƙasar, sai na ga hannunta ya tsaya.

"Ashe abin na da suna," in ji ta. "Ɗiyata, bayan haihuwarki haka na yi. In na ɗauko tulu daga rijiya sai na zamna sau biyu kahin in kai gida. Ƙasar bangon ɗakin ga na ɓanɓara na ci, har kakarki ta kama ni. Anka ce mini son jiki ne."

"Yaya kika yi, Inna?"

"Mi zan yi? Na ci gaba da ɗaukar tulu."

Ta koma tsinkar ganyenta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki sha maganinki. In kin warke ki yi gudunki."

A wannan hutun na bi tsohuwar hanyar gona sau ɗaya. Gero ya fi ni tsawo, ƙasa tana ƙamshin ruwan jiya. Hanyar ta yi mini gajarta fiye da yadda nake tunawa, amma duk da haka sai da na huta a gindin wata tsamiya kafin in ƙarasa.

Na koma Jega da ƙarfi, har na yi wauta ta biyu: na ajiye ƙwayoyin don na ji garau. Wata guda bai cika ba kasala ta dawo. Likitar ta yi mini faɗa a hankali, ta ce abin da na cika kwanon ci ne kawai, rumbun yana nan wayam, sai na ci gaba da sha ko bayan na ji sauƙi. Na koma kan magani, Madam ta mayar da ni itace biyar.

Sai da jaririyar ta fara takawa sannan na iya zagaye fili ba tsayawa. A ranar wasannin makaranta akan yi tseren malamai, don yara su samu abin dariya. Na shiga. Mu shida ne, na zo ta uku, bayan wata sabuwar malamar Turanci da mai dafa abincin ɗalibai, wadda ta tattare zani ta fita ba takalmi. Madam tana gefe riƙe da 'yata, tana ɗaga mata hannu tana nuna ni. Aka ba ni kofin roba guda shida a matsayin kyauta. Har yau biyu suna nan.

A ƙarshen wannan zangon Madam ta ajiye aiki, za ta koma garinsu ta kula da mahaifiyarta. Safiyar ƙarshe muka yi zagaye huɗu kafaɗa da kafaɗa, ba tsayawa, muna hira. Watannin nan da muka yi muna tafiya tare ne suka sa na san ta. Na san mijinta direban tanka ne da ya rasu a hanya tun tana da ƙuruciya, na san tana tsoron kwaɗi, na san farkon zuwanta Jega ta yi wata uku tana kuka saboda zafi. Ranar ta gaya mini abin da za ta fi kewa shi ne furar wata Bafillatana da ke zama a ƙofar makaranta.

Ni da maigidana muka raka ta tasha. Ya sa aka ɗaure mata buhun albasa a saman mota, tana cewa ina za ta kai wannan duka, yana cewa ai dangi da yawa. Na riƙe mata jaka har ta zauna, ta ce in je kada in makara aji.

Saurina na dā bai dawo ba, ban kuma sani ba ko jinin ne ko shekaru. Yanzu zagaye biyar nake yi, ran da jiki ya yi daɗi shida. An sare biyu daga cikin itatuwan an gina ɗakin kwamfuta. Duk shekara nakan je a auna jinina, kuma in na ga ɗaliba tana haki fiye da kima na daina saurin ce mata raguwa, sai in kira ta gefe in ce ta dubi sama. Madam takan turo mini saƙon murya lokaci-lokaci. A na baya-bayan nan ta ce gwiwa ta hana ta gudu, amma tana hawa dutsen bayan gidansu da sanda, ita da wata maƙwabciyarta mai surutu, kuma dankalinta ya yi kyau bana.