Tsahara da Ampul Mai Zafi

Duk wanda ya san Tsibiri ya san Tsahara mai 'yan tsaki. Shekara goma sha ɗaya tana sayo su 'yan kwana ɗaya, ta rene su a ɗakin da marigayi mijinta ya bari, in sun yi fiffike ta kai kasuwar Maradi. Da su ta ci da marayu huɗu. Uwar tsakin nan kuwa ba kaza ba ce, ampul ne, ƙwan lantarki irin na da mai zare a ciki, wanda in ka taɓa sai ka yarfe hannu. Ɗuminsa ke raya su.

Ana tsakiyar damina, ga tsaki ɗari biyu a ɗaki, ɗaya daga ampul biyunta ya mutu. Ta hau kabu-kabu, sai Sabon Gari a Maradi, shagon wani saurayi mai kayan wuta, Maman Lawali.

"Inna, wannan ai an daina kawo mana shi," in ji Maman Lawali. "An ce cin wuta gare shi. Ga sabon yayi, haske kamar rana."

Ta kai hannu ta kama wanda ke kunne. Sanyi ƙalau, kamar hancin kare.

"Kai ɗan nan, tsakina karatu za su yi? Ɗumi nake nema!"

"To ki goya su mana, Inna."

Shago tara ta shiga, babu. Hadari na haɗowa daga gabas, ta kamo hanyar gida, don ta san tsaki in sanyi ya kama su kan juna suke hawa, na ƙasa ya shaƙe. Ruwa ya riga ta gida. Matattu ashirin da bakwai ta kwashe a ƙarƙashin ampul ɗin da ya rage. Kaskon garwashi kuwa ba ta yarda da shi ba, shi ya cinye wa maƙwabcinta Gado ɗaki da kaji.

Washegari ta sayi sababbi goma, ta bi garin Jiratawa gida-gida: ba ni tsoho in ba ka sabo. Aka ce tsufa ya taɓa ta. Oho dai, ta samu shida, sauran tsakin suka rayu.

Ta naɗe ampul ɗin ajiya cikin tsohon zane, ta sa a kwalla, ko jika bai isa ya taɓa ba. Kullum da safe takan ɗauko ɗaya-ɗaya ta girgiza a kunne, ta ji ko zaren ya tsinke. Yanzu saura biyu, ga lokacin sanyi na tafe.